Sharhi: Kati ko tsabar kuɗi? Lissafin da ke gaban masu shiga motar haya a Legas

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na karɓar mulki cewa tallafin man fetur ya kau, kuɗin mota ya daina zama ɗan canjin da ake lalubowa a aljihu, ya koma babban kaso na kasafin gida. Litar man da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 480 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 ta zarce naira 1,000 a sassa da dama na ƙasar nan. Direbobin haya ba su jira wata sanarwa ba, kowa ya ƙara kuɗinsa daidai da abin da ya tarar a gidan mai.

A mafi yawan biranen Najeriya fasinja ba shi da zaɓi kan yadda zai biya: ya miƙa wa kwandasta tsabar kuɗi, ko ya sauka. Legas ce ta fita daban, domin a can tsari biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Akwai danfo da ƙananan motoci da Keke Napep da ake biya da kuɗi a hannu, akwai kuma manyan bas-bas na BRT da jiragen ƙasa da jiragen ruwa na gwamnati da ake biya da kati. Shi ya sa tambayar wace hanya ce ta fi araha take da ma'ana a birnin, ga 'yan gari da kuma dubban 'yan Arewa mazauna Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago.

Katin da ake magana a kai shi ne Cowry, wanda Hukumar Kula da Sufuri ta Birnin Legas, LAMATA, take amfani da shi a motocin da ke ƙarƙashinta. Sunan ba baƙo ba ne ga Bahaushe idan aka fassara shi, domin wuri ke nan, wanda kakanni suka yi ciniki da shi kafin zuwan sulalla, kuma daga gare shi ne kalmar “kuɗi” ta samo asali. Mutum zai sayi katin, ya loda masa kuɗi a tasha ko ta manhajar waya, sannan ya riƙa ɗora shi a kan na'ura duk lokacin da zai hau. Kati guda ne ke aiki a BRT, wadda ta fara zirga-zirga tsakanin Mile 12 da CMS a watan Maris na 2008, da jirgin ƙasa na Blue Line da ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2 a ranar 4 ga Satumban 2023, da kuma na Red Line da ke bi ta Agege da Ikeja da Oshodi daga Agbado zuwa Oyingbo tun watan Oktoban 2024.

Babbar fa'idar katin ita ce farashinsa tsayayye ne. Kuɗin danfo kuwa kamar farashin tumatir yake, yana da na safe, yana da na yamma, kuma da zarar hadari ya haɗu ko layi ya dawo a gidajen mai sai ya ƙara tashi. Ba zalunci ne kaɗai ke jawo hakan ba. Direban yana da kuɗin da zai kai wa mai mota kullum, ga harajin gwamnati, ga 'yan kamasho da ke karɓar nasu a tasha-tasha, kuma duk a kan fasinja ake fanshewa. Sai kuma matsalar canji, wadda duk wanda ya zauna a Legas ya san ta: kwandasta ya haɗa mutum biyu da ba su san juna ba a kan takardar kuɗi ɗaya, ya ce su je su raba. Sau da yawa mai sauri yakan haƙura ya bar wa ɗan'uwansa. Naira hamsin ko ɗari da ke salwanta ta wannan hanya ba ta shiga lissafin kowa, amma a ƙarshen wata takan kai kuɗin cefanen yini.

An fi ganin amfanin katin a watan Agustan 2023, lokacin da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya zabtare rabin kuɗin motocin gwamnati don rage raɗaɗin cire tallafi. A sanarwa guda aka ce danfo ma za su rage kashi 25 cikin ɗari bisa yarjejeniya da ƙungiyoyin direbobi. Bambancin shi ne, rangwamen kati na'ura ce ke aiwatar da shi, ba ta gardama kuma ba ta mantuwa. Na danfo kuwa babu ma'aunin da za a gane shi, tunda tun farko babu tsayayyen farashin da za a ce daga shi aka rage.

Lissafi ɗaya ya isa ya nuna girman abin. Cikakken kuɗin Blue Line daga Marina zuwa Mile 2 a lokacin da aka buɗe shi naira 750 ne, rangwamen ya mayar da shi naira 375. Ma'aikacin da ke zuwa aiki kwana 22 a wata yana yin hawa 44. A kan cikakken farashi zai kashe naira 33,000, wato fiye da mafi ƙarancin albashi na ƙasa a lokacin, wanda yake naira 30,000. A kan rangwame kuwa naira 16,500 ne. Wanda yake da kati a watannin nan ya tsira da rabin kuɗinsa, wanda ba shi da shi labari kawai ya ji.

Sai dai rangwame ba gado ba ne. A watan Nuwamban shekarar aka rage shi zuwa kashi 25, daga bisani ya ƙare, kuma a watan Fabrairun 2025 hukumar ta ƙara kuɗin bas-bas ɗinta da kashi 18 cikin ɗari saboda tsadar gudanarwa. Ke nan arahar kati ta dogara ne da abin da gwamnati ta ga za ta iya ɗauka a kowane lokaci, kuma wanda ya yi lissafinsa bara dole ya sake shi bana.

Akwai kuma abin da allon farashi ba ya nunawa, kuma nan ne maganar ta fi shafar talaka. Kati yana buƙatar a biya kafin a hau. Ma'aikacin da ke karɓar albashi a ƙarshen wata zai iya ware naira dubu ashirin ya loda, ya huta da tunani. Amma ɗan dako a kasuwar Mile 12, ko mai gyaran takalmi, ko mai tura ruwa, abin da ya samu yau shi zai ci yau. Kuɗin da ya kwana a cikin kati ba ya sayen burodi, ba a kuma aika shi gida. Irin wannan mutum yakan loda daidai kuɗin hawa ɗaya ne, wanda ke nufin kullum sai ya bi layi biyu, na lodi da na shiga mota. Idan kuwa ya ce zai riƙa amfani da manhaja, to sai da babbar waya, da data, da asusun banki, da kuma iya karatun boko gwargwado. Ba kowa ne ya haɗa waɗannan huɗun ba.

Tsabar kuɗin ma ba kyauta ake samun ta ba. Tun ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023, jama'a da dama sun koma sayen kuɗinsu a hannun masu POS, kuma kowane cira da ladansa. Daga ranar 1 ga Maris ɗin 2025, Babban Bankin Najeriya ya amince a riƙa cajin naira 100 a kan kowace naira 20,000 da mutum ya cira a na'urar ATM ta bankin da ba nasa ba. Saboda haka ma'aikacin da albashinsa ke shiga asusu, in ya zaɓi danfo, yana biyan kuɗin mota ne haɗe da kuɗin ciro kuɗin motar. Ga shi dai abu ɗaya ne, amma ya juya wa mutum biyu fuska daban-daban: mai albashi yana asara idan ya mayar da kuɗinsa tsaba, mai samun yau da kullum yana wahala idan ya mayar da nasa kati.

Abu na gaba da ke rushe lissafin mutane shi ne tazarar da ke tsakanin gida da tasha. Blue Line kilomita 13 ne da tashoshi biyar, Red Line kilomita 27 da tashoshi takwas, BRT kuma manyan tituna take bi. Mafi yawan mazauna birnin ba a bakin waɗannan layuka suke kwana ba. Wanda zai hau Keke Napep zuwa tasha, ya shiga jirgi, ya sauka ya sake neman wata motar zuwa wurin aikinsa, ya biya sau uku ke nan, kuma biyu daga ciki da tsabar kuɗi. Mai yiwuwa danfo guda da ke bi ta kusa da gidansa ta fi masa sauƙi, ko da kuɗinta ya ɗara na jirgin. Haramta acaɓa da aka yi a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, aka ƙara huɗu a watan Satumba, ya daɗa tsananta wannan giɓi, ban da raba matasan Arewa masu yawa da sana'arsu da ya yi. Gwamnatin jihar ta fito da ƙananan bas masu shiga unguwanni tun 2021 domin su cike gurbin, su ma da katin ake biyan su, amma ba su wadaci birni mai girman Legas ba.

Lokaci ma kuɗi ne, ko da yake ba kowa ne ke iya sayar da nasa ba. Jirgin Blue Line yana cinye tafiyar Marina zuwa Mile 2 cikin mintunan da ba su kai rabin sa'a ba, tafiyar da a kan titi cunkoso kan iya mayar da ita ta sa'a guda ko fiye. Ga ɗan kasuwar da buɗe shago da wuri ke ƙara masa ciniki, ƙarin naira ɗari biyu riba ce. Amma BRT da ke gudu a kan keɓaɓɓen layinta takan mayar da abin da ta rage a hanya ta wajen dogon jira a tasha da safe, Red Line kuwa ya fara ne da zirga-zirga kaɗan safe da yamma, kasancewar yana raba dogo da jirgin Legas zuwa Ibadan. Wanda jirgi ya wuce shi da minti biyu, sai ya koma wa danfo, ya biya farashin lokacin rububi.

Sannan akwai ƙaramin kuskure mai tsada. A hanyoyin da ake lissafi da nisan tafiya, ana ɗora katin ne sau biyu, wajen hawa da wajen sauka. Wanda ya manta da na biyun, na'ura za ta ɗauka ya kai ƙarshen layi, ta cire cikakken kuɗi. Sababbin shiga ne suka fi faɗawa cikin wannan, musamman waɗanda ba a yi musu bayani da harshen da suke ji ba.

Idan aka duba biranen da suka daɗe da irin wannan tsari, za a ga cewa katin kansa ba shi ne ke kawo araha ba, ƙa'idojin da aka ɗora masa ne. A Landan, inda aka fara amfani da katin Oyster a 2003 aka kuma daina karɓar tsabar kuɗi a bas a 2014, akwai iyakar abin da za a cire wa mutum a yini da kuma a mako. Da zarar ya kai ta, sauran hawan kyauta ne. Tun 2016 kuma wanda ya sauka daga bas ya shiga wata cikin sa'a guda ba ya sake biya. Waɗannan ƙa'idoji biyu suna taimakon wanda ya fi kowa buƙata, wato mazaunin bayan gari da dole sai ya sauya mota, kuma ba sa tilasta masa ya tara kuɗin wata guda kafin ya more rangwame. A Legas har yanzu kowane hawa da kuɗinsa. Na'urorin da za su iya wannan lissafi suna nan a tashoshi. Abin da ya rage shi ne yanke shawarar wanda zai ɗauki nauyin giɓin, gwamnati ko kamfanonin da ke tafiyar da motocin.

Abuja ta ba da nata darasin ta wata fuskar. Da aka sake buɗe jirgin ƙasa na cikin birni a ranar 29 ga Mayun 2024, Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a hau kyauta har ƙarshen shekarar. Babu arahar da ta wuce kyauta, amma layin daga tsakiyar birni ya nufi Idu da filin jirgin sama da yankin Kubwa ne. Dubban ma'aikatan da ke fitowa daga Nyanya da Karu da Mararraba kowace safiya ba su da hanyar cin moriyarsa, suna nan a bakin titi da kuɗinsu a hannu.

Saboda haka amsar ba ɗaya ba ce ga kowa, ko da yake ba ta da wuyar samu. Wanda gidansa da wurin aikinsa ke kusa da layin BRT ko na jirgi, kuma kuɗinsa ta banki suke shigowa, kati ya fi masa, kuma gara ya loda na mako ko na wata a lokaci guda. Wanda tafiyarsa ke buƙatar hawa uku, ko yake rayuwa da cinikin yini, sai ya haɗa kuɗin tafiyar daga ƙofar gida zuwa ƙofar aiki, zuwa da dawowa, na tsawon mako guda, kafin ya yanke hukunci. Da yawa daga cikin mazauna birnin sun riga sun gano tsaka-tsaki: danfo da sassafe kafin farashi ya tashi, kati kuma da yamma lokacin da kwandastoci ke ninka kuɗi.

Gwamnatin Legas ta ɗaga mafi ƙarancin albashinta zuwa naira 85,000 a watan Oktoban 2024, sama da naira 70,000 na tarayya. Ma'aikacin da ke kashe naira 500 kacal a kowane hawa, sau biyu a yini, zai biya naira 22,000 a wata, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan albashi, kafin a zo maganar haya da abinci da kuɗin makarantar yara. Idan kuwa sai ya sauya mota sau ɗaya a kowace tafiya a kan wannan farashi, kuɗin ya koma naira 44,000.