Fasfo naka, yatsu naka, amma imel na ejan: wa ya aike ka?

Yau darasin namu da ɗan faɗa a ciki, kuma da kai nake, kai mai shirin neman biza. In maganar ta yi maka zafi ka yi haƙuri, gara ka ji zafinta a nan da ka ji shi a aljihunka.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya same ni a nan Gwadangaji. Sana'arsa shinkafa, yana saye a hannun manoman fadama ya kai inji ya sayar. Ya tara kuɗi yana so ya je ƙasar Sin ya ga injin casa da idonsa kafin ya saya, tun da gani ya kori ji. Ya miƙo min waya ya ce, "Malam, don Allah duba man, bizata ta hito ko ba ta hito ba?"

Na ce to Alhaji, ba ni imel ɗin da aka cike fom da shi. Ya ce ejan ne ya buɗe. Kalmar sirri fa? Tana wurin ejan. Lambar fom? Rasit? Babu. Fasfo? Wata biyu ke nan yana hannun ejan a wani gari. Abin da yake da shi duka-duka shi ne alat ɗin kuɗin da ya tura asusun wani mutum, sai saƙonnin murya na WhatsApp masu cewa "ana kai, Alhaji, ana kai." Na tambaye shi wane kamfani aka rubuta cewa shi ya gayyace shi zuwa Sin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi ban san mi ya rubuta ba."

Wannan amsar ita ta sa ni wannan rubutu. Mutumin da ba ya sayen buhun shinkafa sai ya huda ya ga ƙwaya, ya murza, ya tauna, shi ne ya ɗauki sunansa da hotonsa da takardar bankinsa ya damƙa wa wanda bai taɓa ganin ofishinsa ba. Kuma kada ka yi masa dariya, don ka san kai ma haka kake shirin yi.

Ba a sayen biza

Mu fara daga tushe. Wanda ke ba da biza jami'in ƙasar da za ka je ne, shi kaɗai. Ejan ba ya bayarwa. Yaron kafe ba ya bayarwa. Hatta cibiyoyin da ke karɓar takardu da ɗaukar hoton yatsu a Abuja da Legas, irin su VFS Global da TLScontact, aikinsu karɓa da miƙawa ne, ba su da ta cewa a hukunci. Kuɗin da ka biya kuma na duba buƙatarka ne. Bizar ƙasashen Turai na Shengen Yuro 90 ce tun watan Yuni 2024, ta ziyarar Amurka Dala 185, kuma in aka hana ka ba a mayar maka ko sisi.

Saboda haka duk wanda ya ce maka "biza tabbas, ina da mutum a ciki," ɗayan biyu ne. Ko dai zai cinye kuɗinka ya kashe waya, ko kuma zai cike fom ɗin da ƙarya ya yi caca da sunanka. Na farko ɓarawo ne, amma wallahi na biyu ya fi shi illa, don kuɗi ana sake nemansa.

Ƙaryar ejan a yatsunka take zama

Ka san yadda ake yi. Kuɗin asusunka bai kai ba, sai a gyara takardar banki a kwamfuta. Ba ka da kamfani, sai a ƙirƙiro maka. Takardar gayyata ɗaya a canza suna a ba mutum goma. An taɓa hana ka biza, sai a danna "a'a" a wurin da aka tambaya. Kai kana gida kana ta addu'a Allah Ya sa a dace, ba ka san an yi maka aure da 'ya'ya uku a fom ba.

To ka sani, a ƙarshen kowane fom akwai wurin da mai nema ke shaida cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne. Sunanka ke wurin. Ofishin jakadanci bai san ejan ba, kai ya sani. Ingila na iya rufe maka ƙofa har shekara 10 in ta kama ka da takardar bogi ko bayanin ƙarya. A dokar Amurka ƙarya a neman biza na iya zama haramci na har abada. Ƙasashen Shengen kuwa rumbun bayanai ɗaya suke amfani da shi, inda hoton yatsunka da sakamakon buƙatarka ke zama shekara 5, don haka in Faransa ta hana ka, Jamus na gani.

Wani zai ce ai sai in canza fasfo. Haba! Da can ne ake wannan. Yanzu fasfo a ɗaure yake da lambar NIN, kuma yatsun da ka dangwala su ne dai a hannunka. Tun 2019 fom ɗin Amurka ma har sunayen da kake amfani da su a Facebook da sauran kafafe yake tambaya, na shekara 5 baya. Ejan ya rubuta kai babban daraktan kamfani ne, shafinka kuma yana faɗin wani abu dabam. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Maganar Makka

Nan ne abin ya fi ci min rai, don da son ibada ake yaudarar mutane. Za a ce maka kujerar Hajji ta yi tsada, zo a yi maka bizar ziyara, in ka shiga ka laɓe har lokacin Arfa. Bizar ziyara ba ta Hajji ba ce, ta Umara ma ba ta Hajji ba ce. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Mutane ne da suka yi ta tafiya a ƙasa cikin tsananin rana, ba tanti mai sanyi, ba mota, suna gudun jami'ai. A 2025 Saudiyya ta sa tarar da ta kai Riyal 20,000 ga wanda aka kama yana Hajji ba izini, tare da kora da hana shiga na shekara 10. Wanda ya sayar maka da bizar yana nan gida yana shan iska.

A shekarar 2024, ranar 15 ga Mayu, daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke nan Birnin Kebbi jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi. Hanyar gaskiya a ƙofar gidanmu take, ta hukumar alhazai ta jiha ko ta kamfanin da NAHCON ta ba lasisi. In kuɗi bai kai ba, Allah bai ɗora maka ba, ka jira.

Haka 'yan uwanmu mata da ake cewa za a kai su aikatau "kyauta, in kin je kya biya." Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wadda ba ta ga takardar aiki ba, ba ta san sunan wanda zai ɗauke ta ba, ba ta san irin bizar da aka buga mata ba, ta sa kanta a hannun da fita sai Allah. Irin wannan ne ya sa aka kafa NAPTIP a 2003, kuma har yau ba ta huta ba.

"To ni ban iya Turanci ba"

Na san za ka faɗi haka, kuma gaskiya ne. Fom ɗin da Turanci yake, sabis na wahala, Abuja da nisa. Ban ce kowane ejan macuci ba ne. Akwai masu tsoron Allah, kuma akwai bizar da dole sai ta hannun kamfani, kamar ta Umara ga yawancinmu, ko ta Dubai da ke bi ta kamfanin jirgi, otal ko kamfanin tafiye-tafiye. Neman taimako ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka miƙa wuya.

Mai taimako na gaskiya zai zaunar da kai gefensa, ya karanta maka tambaya, ka ba da amsa, ya rubuta abin da ka faɗa. Zai gaya maka kuɗin biza kaza, ladan aikinsa kaza. Wanda ya ce "kai dai kawo fasfo ka tafi," ya haɗe kuɗin wuri ɗaya, ya ɓata rai don ka yi tambaya, to akwai abin da ba ya so ka gani.

Kuma dokokin nan canzawa suke kamar yanayin damina. Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza a 2022, sai Yuli 2024 aka dawo. A Yuli 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wata 3. Abin da ejan ya sani bara yana iya zama tsohon labari bana. Shafin ofishin jakadanci kuwa a buɗe yake, kyauta, a cikin wannan wayar da kake kallon TikTok da ita har ƙarfe biyun dare. Chrome ma na fassara shafi zuwa Hausa. Fassarar ba ta cika daidai ba, amma ta isa ka gane in ana raina maka hankali.

Abin da za ka yi

1. Buɗe imel naka da lambar wayarka, ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu. Duk fom da wannan imel za a cike shi. Kalmar sirri da lambar da ake turowa ta saƙo ba ka ba kowa, ko ɗan ɗakinku ne.

2. Fasfo ka nema ta shafin hukumar shige da fice, immigration.gov.ng. Daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara 5 Naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 Naira 200,000. Ka tabbata suna da ranar haihuwa sun dace da na NIN, kuma fasfon na da sauran aƙalla wata 6 kafin tafiya.

3. Kada ka danna mahaɗin da aka turo maka a WhatsApp. Rubuta adireshin da hannunka, ka duba harafi-harafi. Sakamakon farko a Google sau da yawa talla ne. Alamar kwaɗo a gefen adireshi ba ta nufin shafin na gwamnati ne, 'yan damfara ma suna da ita.

4. Kafin a danna turawa, a karanta maka fom ɗin daga sama har ƙasa. Ka ajiye kwafinsa da lambar buƙata da rasit a wayarka, ka tura wa kanka a imel.

5. In da kamfani za ka yi, bincika sunansa a shafin CAC, in na Hajji ko Umara ne ka duba jerin NAHCON. Ka je ofishin da ƙafarka. Kuɗi a asusun kamfani, da rasit.

6. In an ce biza ta fito, kada hoto ya ruɗe ka, yaron da ya iya Canva zai haɗa irinsa kafin shayi ya huce. Ta Saudiyya ka duba a visa.mofa.gov.sa da lambar fasfonka, ta Daular Larabawa a shafin ICP ko GDRFA. Ka karanta irin bizar, kwana nawa aka ba ka, sau nawa za ka shiga.

7. Ka san inda ba a buƙatar biza. Benin da muke iyaka da ita, Togo, Ghana da sauran ƙasashen ECOWAS, yarjejeniyar 1979 ta ba ka kwana 90 da takardar tafiya mai inganci. Wanda ya nemi kuɗin bizar Kwatano a hannunka ya gama raina ka.

Ku kuma 'yan uwana masu kafe da ejan-ejan, ku ji tsoron Allah. Kun fi kowa sanin abin da takardar bogi ke jawowa. Ladan da za ku ci na rana ɗaya ne, shi kuwa mutumin shekara goma zai yi yana biya, wataƙila har ɗansa ya samu gurbin karatu ya kasa raka shi.

Alhajinmu mai shinkafa ya samu fasfonsa bayan an sa manya a magana, kuɗin kam rabi ya dawo. Mun zauna mun buɗe masa imel, na nuna masa cewa bizar kasuwanci ta Sin, wadda ake kira M, tana buƙatar gayyata daga kamfani na gaske a can, kuma akwai baje kolin Canton da ake yi a Guwanzu sau biyu a shekara, wajen Afrilu da Oktoba, inda zai ga injina iri-iri a wuri ɗaya. Ya rubuta kalmar sirrinsa a ƙaramin littafin da yake lissafin buhuna, ya sa a aljihun gaba. Har yanzu ba mu san abin da wancan ejan ya rubuta da sunansa ba, ko ma ya tura wani abu, kuma wannan ne ke hana shi barci.

Kai da fasfonka ke hannunka yanzu, kada ka bari ya fita sai ka san inda za shi da abin da za a rubuta a kanka. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ka karanta wa wanda bai iya karatu ba a gidanku, musamman iyayenmu masu niyyar Umara.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, Ya kai mu inda muke nufi lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Mu haɗu a darasi na gaba.