Rufin gida: Yaushe faci ke daina amfani?

Duk shekara, iskar farkon damina kan yaye rufin gidaje a jihohi irin su Kano da Katsina. Tsadar kwano ta sa magidanta da yawa sun koma faci, amma faci yana da iyaka.

Yoyo a wuri ɗaya galibi ramin ƙusa ne, kafinta zai toshe. Amma idan tsatsa ta huda kwano ko'ina, rufin ya lotsa, ko gara ta ci katako har ƙusa ba ta kamawa, sai dai sabon rufi.

A ɗakin soro kuwa, lanƙwasar azara alamar haɗari ce: ruwan Agusta na ƙara wa ƙasar rufi nauyi, ta rufta kan masu barci.

A duba tun da rani, kafin hadari ya haɗo.