Naman barewa: daɗin kasko, asarar daji

Jama'a, duk wanda ya tashi a bakin Komadugu, daga Diffa har Bosso inda kogin ke faɗawa tafkin Chadi, ya ji labarin naman barewa a bakin iyayensa. Nama ne marar kitse. Shi ya sa iyayenmu mata ke yanka shi fale-fale, su bar kasko ya yi zafi sosai, su zuba man shanu ko man gyaɗa, su juya kowane gefe cikin ƴan mintoci, sannan su barbaɗa gishiri da garin tattasanmu na Diffa. In ya daɗe a wuta, sai ya bushe ya koma kamar ƙirgi.

Ba mu musun daɗinsa. Abin da muke tambaya shi ne: barewa nawa ta rage?

Maharbin dā da ƙafa yake shiga daji, da kare da kwari da baka, ya kashe ɗaya ya koma gida. Na yau da mota ko babur yake kora, da bindiga, har sai dabbar ta faɗi don gajiya, ba ya barin mai ciki balle mai shayarwa. Ga fari, ga kuma rashin tsaro da ya tarwatsa mutanen Bosso a 2015 da 2016, ya sa dubban jama'a dogaro da itace da abin da daji ya bayar.

Mun ga ƙarshen irin wannan hanya. Mariri ya ɓace daga dazuzzukan Nijar, a shekarar 2000 aka tabbatar babu shi a dajin ko'ina, sai a 2016 aka sake sako shi a ƙasar Chadi daga garken da aka kiwata a waje. Da kuɗi masu yawa aka sayo abin da kakanninmu suka samu kyauta.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Akwai dokar farauta ta 1998, akwai gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012. Amma jami'in gandun daji ba zai tsaya a bakin kowane murhu ba. Mai saye ne ke aika maharbi daji.

Don haka muna kira ga magidanta da masu gidajen abinci: a sa cinyar ɗan akuya a wannan kaskon, da man shanun da tattasan, wallahi baƙo ba zai raina ba. A bar barewa ta hayayyafa, ƴaƴanmu su gan ta da ido, ba a tatsuniya kaɗai ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya.