Tsaron Yanki a Ƙwallon Kwando Aikin Ƙafa Ne da Baki

Saura daƙiƙu kaɗan a tashi wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka a 2003, Syracuse tana gaban Kansas da ci 81 da 78. Ƙwallo ta faɗa hannun Michael Lee na Kansas a kusurwa, babu kowa a gabansa. Hakim Warrick ya taso daga tsakiya a guje, ya yi tsalle ya doke ta waje. Kofi ya tafi Syracuse. Dogon hannu baiwa ce, amma sanin inda za a nufa tun ƙwallo tana iska, a atisaye ake samunsa. Koci Jim Boeheim, wanda ya riƙe ƙungiyar Syracuse daga 1976 zuwa 2023, ya gina sunansa a kan tsari guda: biyu a gaba, uku a baya, kowa yana gadin yankinsa maimakon bin mutum ɗaya.

Abin takaici, masu horar da yara da yawa sun mai da wannan tsari mafaka. Yara sun gaji, ko ba su iya bin mutum ba, sai a ce kowa ya tsaya a gurbinsa ya ɗaga hannu. Wannan ba tsaro ba ne, jeren turaku ne, kuma duk ƙungiyar da ta iya miƙa ƙwallo za ta ratsa su.

Atisayen farko mai sauƙi ne. A jera mutum biyar a bayan layin maki uku, su riƙa miƙa wa juna ƙwallo ba buga ta a ƙasa, ba jifa a kwando. Masu tsaro biyar su riƙa motsawa tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Ƙa'idar ita ce a tashi tun ƙwallo tana tafiya, ba sai ta sauka ba. Koci ya busa usur ba zato, kowa ya daskare, a duba wa ya makara. Nan ake gane mai kallon ƙwallo kawai da mai lura da abin da ke bayansa.

Sai matsalar gefe, inda aka fi tafka kuskure. Idan ƙwallo ta je can da sauri, na baya ne ke fitowa ya tare, har na gaba ya iso ya karɓe shi da kira, "Koma, na zo!" Idan babu wannan kira, ko dai su taru biyu a kan mutum ɗaya, ko kowa ya zaci ɗan'uwansa ya je. Ya kamata a ware wannan musaya ita kaɗai, mutum uku da uku, a yi ta maimaitawa har baki ya saba. Yaron da ke jin kunyar ɗaga murya ba zai iya wannan tsaro ba, komai tsayinsa.

Bayan haka a ƙara wa masu hari mutum na shida, a tsayar da shi a layin jifan kyauta, wurin da tsarin ya fi rauni. Wanda ya sha wuya da shida, biyar ba za su razana shi ba.

Manya ma sun sallama. Gasar ƙwararru ta NBA ta halatta tsaron yanki a 2001, Dallas ta rikita Miami da shi a 2011. A 2019 koci Nick Nurse na Toronto ya sa mutum huɗu gadin yanki, ɗaya ya manne wa tauraron abokan karawarsu, Stephen Curry. Amma waɗannan duk sun ƙware a bin mutum tun da farko, kuma haka ya dace a bi da yara: su fara iya tsayawa a gaban mutum ɗaya.

Ƙarshen kowane atisaye kuwa a yi jifa na gaske. A tsaron yanki ba a ba kowa mutumin da zai tare ba, don haka da ƙwallo ta tashi, kowa ya juya ya nemi mafi kusa, ya sa masa baya. Idan masu hari suka tsince ta, masu tsaro su sake zagayen daga farko.