Hasken Rana Kyauta Ne, Batir Kuwa Da Kuɗi Ake Saye

A 'yan shekarun nan wani baƙon kaya ya shiga cikin kayan da makiyaya ke ɗaura wa jaki ko takarkari sa'ad da suka tashi ƙaura. Ban da ƙorai da tabarmi da tukwane, yanzu akan ga wani baƙin faranti mai sheƙi an naɗe shi da tsumma, ga kuma ɗan batir a cikin buhu. Wannan shi ne farantin sola, watau na'urar da ke mai da hasken rana wutar lantarki. Da zarar an sauka a mashekari, kafin ma a gama kafa bukkoki, sai a jingina shi a fili a jona masa wayoyin hannu da tocila da rediyo. Haka abin yake a wajen masuntan da ke kwana a bakin Tafkin Kainji, da manoman rani da ke tarewa a fadama har sai sun cire albasa, da sauran waɗanda sana'a ke kaiwa daji inda babu falwaya ko ɗaya.

Dalilin wannan bai ɓuya ga kowa ba. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya wajen miliyan 85 ba su da wutar gwamnati, kuma mutanen daji su ne na ƙarshe a wannan layi. A da, mai son caji sai ya jira ranar kasuwa ya kai wayarsa wurin mai janareto ya biya. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin cajin ma sai ya bi man ya tashi. Ita kuwa waya a hannun makiyayi ba ado ba ce. Da ita yake jin farashin shanu a Potiskum ko Maigatari kafin ya koro su, da ita yake kiran malamin dabbobi, da ita ake neman mai babur in naƙuda ta zo da gardama, da ita kuma ake kai kuka in ɓarayin shanu sun faɗo da dare. Wayar da ta mutu a irin wannan dare tana iya jawo asarar da ta fi kuɗin faranti ɗari.

To, amma akwai kukan da ake yawan ji daga masu saye, wai sola ba ta da ƙarko, wata biyar wata shida ta daina aiki. A gaskiya farantin ba shi da laifi a mafi yawan lokuta. Babu abin da ke motsi a cikinsa balle ya cinye, kuma na kirki yakan yi shekara 20 zuwa 25 yana aiki muddin gilashinsa bai fashe ba. Abin da ke mutuwa shi ne batir, kuma galibi kashe shi ake yi, ba tare da mai shi ya san yana kashe shi ba.

Ita dai wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Tun a 1839 wani matashi Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel ya gano cewa haske na iya haifar da lantarki. A 1954 masana a ɗakin bincike na kamfanin Bell a Amurka suka ƙera ƙwayar sola ta silikon wadda ke cin moriyar kamar kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, kana a 1958 aka harba tauraron ɗan Adam na Vanguard 1 ɗauke da irinta. Na yanzu sukan kai kashi 20 ko fiye. A nan gida ma, tun farkon shekarun 1980 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato. Abin da ya sauko da farantin daga sararin samaniya zuwa bayan jaki shi ne araha, domin tsakanin 2010 da 2020 farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, bayan da masana'antun ƙasar Sin suka shiga ƙera shi gadan-gadan.

Kuskuren farko yana farawa ne daga lambar da ke bayan faranti. In an rubuta wat 100, to, an auna shi ne a ɗakin gwaji, ƙarƙashin haske mai ƙarfin na tsakar rana, alhali zafin farantin kansa digiri 25 ne kawai na ma'aunin santigireti. A filin Allah kuwa, musamman da bazara, farantin yakan ɗauki zafin da ya kai digiri 60, har hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Kowane digiri ɗaya da ya hau bisa 25 yakan ci kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfinsa. In aka haɗa da ƙura da asarar da ke bin igiyoyin wuta, sai a ga kamar sulusin abin da aka rubuta ya tafi. A arewacin ƙasar nan, hasken yini guda yakan yi daidai da awa 5 zuwa 6 na tsananin rana, a kudu kuwa bai kai haka ba, abin da ya kamata masu gangarawa da shanu kwarin Binuwai ko ƙasar Oyo su riƙe a zuci. Saboda haka faranti mai wat 100 zai tara wa mai shi kamar wat-awa 350 a yini, mai wat 50 kuma rabin haka.

Shi wat-awa mudun awon wuta ne. Ƙwan fitila mai wat 5 in ya yi awa 5 a kunne ya sha wat-awa 25. A ɗauka a wani mashekari akwai irin wannan ƙwai guda 3, ga ƙananan wayoyi 6 da kowace ke shan kamar 5, ga manya 2 da kowace ke shan kamar 20, ga rediyo da zai sha 30. Jimla 175 ke nan, watau daidai da iyakacin ƙoƙarin faranti mai wat 50 a ranar da gari ya yi garau. Sai kuma samarin ruga su sayo ƙaramin talabijin, uwargida ta ce tana son fanka saboda yara, maƙwabta su riƙa aiko da nasu wayoyin domin ba a hana maƙwabci wuta. Kafin a ankara bukata ta doshi 500, faranti kuwa yana nan yadda yake. Cikon daga jikin batir yake fitowa kullum, har ranar da zai ce ga garinku nan.

Makiyayi shi ya fi kowa cancantar fahimtar wannan, domin ba ya tatse saniya ƙarƙaf, yakan bar wa maraƙi rabonsa. Batir na dalma, irin wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859 kuma har yau shi ya fi yawa a kasuwa, haka yake so a yi masa. Rabin abin da ke cikinsa ake sha a bar rabi. Wanda aka rubuta masa amfiya-awa 40 a kan bolt 12 yana riƙe da wat-awa 480, amma na mai shi 240 ne. In ana zuƙe shi kullum har fitila ta dusashe, ko kuma aka bar shi kwana da kwanaki babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar da ke cikinsa, kuma in ya daskare ba ya narkewa. Daga nan sai batir ya riƙa cika da wuri yana ƙarewa da wuri, kamar randar da laka ta cinye rabinta. Batirin mota da na babur, waɗanda aka fi ɗauka saboda sauƙin samu, su suka fi saurin lalacewa, domin an ƙera su ne su ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci a ta da inji. Na sola daban yake, farantansa sun fi kauri, ya fi nauyi, ya kuma fi tsada.

Hanya ta biyu ta kashe batir ita ce jona shi kai tsaye da faranti. Farantin da ake kira mai bolt 12 yakan fitar da bolt 18, har ya haura 20 in babu abin da ke jansa, alhali batir ba ya bukatar fiye da 14 da ɗoriya kafin ya cika. In babu mai tsayar da wutar, ruwan batir sai ya yi ta tafasa yana ƙafewa, na rufe kuma ya kumbura. Mai tsayarwar ita ce 'yar na'urar nan da masu sayarwa ke kira kwantirola, wadda girmanta bai wuce tafin hannu ba. Ita ce ke yanke wuta in batir ya cika, ta kashe fitilu in ya kusa ƙarewa, ta kuma hana wuta komawa faranti da dare. Kuɗinta bai kai rabin na batir ba, amma ita ake fara cirewa daga lissafi in ciniki ya yi tsami, kuma da yawa daga masu ita sukan tsallake ta su ɗaura igiya a kan batir kai tsaye wai tana yi musu rowa. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Iri biyu ce, akwai PWM mai sauƙin kuɗi wadda ta ishi ƙaramin faranti, akwai kuma MPPT mai tsada wadda ke tatso ƙarin wuta. Kowace aka saya, batir ake fara jona mata kafin faranti, in za a kwance kuma faranti ake fara cirewa.

Wurin ajiya ma yana da nasa hukunci. Faranti na rana ne, batir na inuwa. Zafi yana tsufar da batir, har masana suka ce kowane ƙarin digiri 10 bisa 25 yakan raba kwanansa biyu. Sai dai inuwar ta zama mai shan iska, nesa da murhu da fitilar ƙwai, saboda batir mai ruwa yana fitar da wata iska mai kama wuta yayin caji. Lalle ne kuma a sa fiyus kusa da kan batir. Igiyoyi biyu tsirara in suka haɗu sukan yi ja wur nan take, bukkar ciyawa da rani kuwa ba ta jiran a ɗebo ruwa.

Shi kuma faranti ba ya son inuwa ko ta ganye ɗaya. Ƙwayoyin da ke cikinsa, waɗanda galibi 36 ne a ƙaramin faranti, a jere suke kamar shanu a turba ɗaya, in ta gaba ta tsaya sai na baya su tsaya. Kashin tsuntsu ko inuwar sanda na iya rage wutar ƙwarai. Da hunturu, lokacin da hazo ke rage haske ƙura kuma ke kwantawa a kan gilashi, sai a goge shi kowace safiya da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, tun bai yi zafi ba. A watan Disamba rana takan karkata kudu, a Kano har kamar digiri 35 da tsakar rana, saboda haka sai a tokare shi ya dubi kudu, watau hannun dama ga wanda ya fuskanci gabas. Daga ƙarshen Afirilu zuwa Agusta kuwa ta saman kai take bi, har ta ɗan zarce arewa, sai a kwantar da shi kusan shimfiɗe, a bar ƙarƙashinsa iska na ratsawa. A nan ne mai ɗauke da faranti a hannu ya fi mai kafe shi a rufin ɗaki, domin yana iya juya shi da hantsi da azahar da la'asar ya bi rana. Aiki ne da yaro zai iya, in dai an kange wurin kada maruƙa su taka.

Batirin litiyom, wanda binciken ƙera shi ya jawo wa mutum uku lambar Nobel a 2019, ya fara samuwa a kasuwanni. Irin da ake rubuta wa LiFePO4 bai kai rabin nauyin na dalma ba, yana jure a sha mafi yawan abin da ke cikinsa, kuma yana ɗaukar caji sau dubbai. Ga mai ƙaura duk wata wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga jaki, sai dai kuɗinsa na farko yana da nauyi, kuma yana bukatar kwantirolar da ta dace da shi.

Akwai kuma gyaran da ya fi ƙarfin mai saye. Ba kowace lamba da aka manna a bayan faranti ce gaskiya ba. Ma'auni mai sauƙi shi ne girma: faranti mai wat 100 na gaske faɗinsa yakan kai rabin murabba'in mita, kamar ƙaramar dardumar salla, saboda haka wanda bai wuce faifan rufe ƙwarya ba aka ce wai wat 100 ne, araha ce wadda ba ta ado. Hana irin waɗannan shigowa aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON ne. Ita kuma Hukumar Ilmin Makiyaya, wadda aka kafa a 1989 take da hedkwata a Kaduna, ta daɗe tana amfani da rediyo wajen isa ga mutanen ruga, kuma ya kamata ta ware wa wannan batu fili da Fulatanci da Hausa.

Saura maganar gawar batir. A ƙauyuka akan fasa mataccen batir a zubar da ruwansa a ƙasa, a narka dalmar a murhun gida domin yin nauyin koma ko harsashin bindigar toka. Dalma guba ce mai taruwa a jini, ta fi kuma illa ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Mutanen Zamfara sun ga aikinta a 2010, sa'ad da yara fiye da 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje. A Thiaroye kuwa, wata unguwa a gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, yara 18 ne suka mutu tsakanin 2007 da 2008, kuma daga fasa tsofaffin batura ne gubar ta fito. Wanda batirinsa ya mutu a daji kada ya fasa, kada ya yar a kusa da mashaya inda shanu za su lasa. Ya ɗaure shi a tsaye yadda ruwansa ba zai tsiyaya ba, ya kai wa masu sayar da batir a ranar kasuwa, domin sukan karɓi tsoho su rage wa mutum kuɗin sabo.