Kiɗa A Gaba, Murya A Baya

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Njuwa, a shekarun da tafkin ke cike da ruwa, ya san wata 'yar gardama da kan shiga tsakanin ido da kunne. Idan mutum yana tsaye a wannan gaɓa, makaɗi kuwa yana can ƙetare, sai ya ga gula ta sauka kan ganga, amma ƙarar ba za ta iso masa ba sai bayan ƙiftawar ido. Dalili kuwa shi ne, sauti matafiyi ne. Yana cin kimanin mita 343 a kowane sakan, watau idan tsakani ya kai mita 100, sai ya yi kusan sulusin sakan yana bisa hanya.

To, irin wannan jinkiri ne yanzu ya bi matasan mawaƙa har cikin ɗakunansu a Jimeta da Yola, yana haddasa musu hasarar kuɗi da ɓacin rai.

A zamanin su marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi kan hallara wuri guda, a ɗauke su gaba ɗaya, kowa yana jin ɗan'uwansa. Yau kuwa yaro ɗaya da kwamfuta da makirufo ya isa situdiyo. Yakan fara harhaɗa kiɗa, sa'an nan mawaƙi ya sa abin sauraro a kunne ya ɗora murya, daga baya a ɗora amshi. Ko waƙar biki ce, ko ta bege, ko tallar rediyo da Hausa ko Fulatanci, hanyar ke nan. Sai an gama an zauna saurare, a ji muryar tana jan ƙafa a bayan kiɗa. Nan take a ɗora wa mawaƙi laifi, a ce ba ya bin kiɗa, a sa shi ya maimaita har muryarsa ta dushe, ga janareta yana shan mai, ga mai biki yana jiran aikinsa. Alhali kuwa sau da yawa bawan Allah bai yi kuskure ba ko kaɗan.

Ga yadda al'amarin yake. Kwamfuta ba ta ɗaukar sauti a dunƙule, yanka shi take yi ƙanana-ƙanana, galibi yanki 44,100 a kowane sakan. Ba ta kuma kai su ɗaya bayan ɗaya, sai ta tara. Misalinta kamar mai fito ne a kogin Binuwai, wanda ba ya tashi sai kwalekwale ya cika. Idan an tsara mata ta tara yanki 256 kafin ta tashi, jiran bai kai milisakan 6 ba, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Idan 512 ne, ya kusa 12. Idan 1,024 ne, ya kai 23. Daɗin daɗawa, fiton sau biyu ne: kiɗa zai jira kafin ya fito zuwa kunnen mawaƙi, murya kuma za ta jira kafin ta shiga. A tsohuwar kwamfutar da ba ta da akwatin sauti na musamman, jimillar takan haura milisakan 100.

Mai karatu zai ce, me milisakan 100 zai yi? To, a waƙar da ke da bugu 120 a minti, rabin sakan ne tsakanin bugu da bugu. Jinkirin milisakan 130 ya fi rubu'in wannan tazara. Daidai yake da a tsai da mawaƙi mita 45 daga makaɗinsa, sa'an nan a ce su daidaita.

Wasu kan ce ai sai a rage girman kwalekwalen. Gaskiya ne, amma ƙaramin jirgi yawan zirga-zirga yake sawa, kwamfuta marar ƙarfi kuwa sai ta gaji, sauti ya shiga tsinkewa da ƙaraf-ƙaraf. Wasu kuma kan kama muryar su ja ta baya da ka, yau su wuce, gobe su gaza. Wasu ma har bashi suke ci su sayi sabon makirufo, su dawo su tarar da ciwon yana nan, don an bar jaki ana dukan taiki.

Magani mafi sauƙi shi ne awo, kuma ko kwabo ba ya ci. Da farko mai aiki zai sa manhajar ta fitar da bugu gajere mai kaifi, kamar ƙarar agogo, a layi na ɗaya. Idan akwai wani adadin gyara da aka riga aka sa a ciki, sai ya mai da shi sifili. Sa'an nan ya manna abin sauraron a bakin makirufo, ya kunna bugun, ya ɗauke shi a layi na biyu. Da ya faɗaɗa hoton sautin, zai ga kowane bugu na layi na biyu ya faɗo bayan takwaransa na layi na ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce jinkirin na'urarsa. Sai ya ƙidaya ta da milisakan, ya maimaita sau uku don ya tabbatar, ya rubuta adadin a takarda ya manna a bango.

Daga nan hanya biyu ce. Ko dai ya riƙa jawo kowace sabuwar murya baya da wannan adadi daidai, ba ƙari ba ragi, ko kuwa ya rubuta shi a gurbin gyaran jinkiri, manhajar ta riƙa yi da kanta. Manhajar Audacity, wadda aka fara fitarwa kyauta a shekarar 2000 daga Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta daɗe tana zuwa da ragin milisakan 130 a wannan gurbi. Amma wannan kintace ne kawai, riga ce da aka ɗinka ba a ga mai sawa ba. Masu aiki da Cubase ko FL Studio kuwa, idan akwatin sautinsu yana amfani da tsarin ASIO na kamfanin Steinberg na Jamus, yawancin gyaran manhajar ce ke yi, amma duk da haka gwajin ba ya ɓata komai.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na ɗaya, duk ranar da aka sauya akwatin sauti ko girman tarin, tsohon awo ya mutu, sai a sake. Na biyu, abin sauraro marar waya na Bluetooth bai dace da ɗaukar murya ba, don jinkirinsa yana da yawa, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na uku, idan murya ta fara daidai amma tazarar tana ƙaruwa yayin da waƙa ke tafiya, wannan wata cuta ce dabam: na'urar da ke ɗauka da wadda ke fitarwa ba agogo ɗaya suke bi ba, kuma jan layi baya ba zai warkar da ita ba.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Minti goma na awo kafin a kira mawaƙi ya fi yini guda ana maimaita baiti ɗaya. Mai situdiyon da ya san adadin jinkirin na'urarsa ya tsare mansa, ya tsare muryar abokin cinikinsa, ya kuma tsare sunan yaron da wataƙila da an sallame shi a kan ba shi da kunnen kiɗa. Bayan an yi awo an gyara, idan murya ta ci gaba da makara, to, a lokacin ne mawaƙi zai amsa tambaya.