Mai Kare Ya Riƙe Karensa

A Ƙofar Rini, kamar sauran unguwannin birnin Sakkwato, da yawa daga cikin karnukan da su ke yawo a kan juji suna da masu su. An kawo su ne don farauta ko tsaron awaki, abin da shari'a ta yarda da shi, daga baya aka bar su su ci da kansu. Mu kuwa muna ganin wanda duk ya ajiye kare ya ɗauki amana, kuma idan ya yi sakaci da ita 'ya'yan maƙwabta ne za su biya.

Haƙƙin kare ba shi da yawa. A ba shi tuwo da nama dafaffe, da ruwa mai kyau, da inuwa, musamman a watan Afrilu da zafin Sakkwato ya kan wuce digiri 40. A riƙa cire masa kaska, a kai shi Asibitin Dabbobi idan ƙazuwa ta kama shi. Kada a jefa masa ɗanyen huhu ko hanta mai ƙullutu daga mahauta, gama ta nan ya ke ɗaukar tsutsar da ƙwanta ke komawa cikin mutum. Abin da ya fi duka kuwa shi ne allurar rigakafin haukan kare, sau ɗaya kowace shekara.

Wannan ciwo ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukansu kuwa daga kare su ka ɗauka. Da zarar alamunsa sun bayyana, sai dai haƙuri. Amma tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro da allura, a Vom kuma an daɗe ana yin ta karnuka.

Waɗansu sun ce a karkashe karnuka kawai a huta. To, an gwada haka a ƙasashe da dama bai yi ba, domin waɗansu su kan zo su maye gurbinsu. Likitoci sun tabbatar in an yi wa bakwai cikin goma na karnukan gari allura, ciwon ya kan rasa hanyar yaɗuwa.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta su koya wa yara abu biyu: kada su tsokani kare, in kuwa ya cije su kada su ɓoye don tsoron duka. A wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba a tsaya ɗaura magani a gida ba. Akawuna da masu unguwa kuma su rubuta gidajen da ke da kare, don ma'aikatan dabbobi su san inda za su nufa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyashe mu, amin.